Tsohon ɗan kuza ko Daktan batir: wa zan ba kuɗina a harkar litiyam?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Abuja, kayan gini nake sayarwa. Mutum biyu sun kawo mini tayin zuba jari a harkar litiyam. Na farko dattijo ne daga Bukuru, ya tsufa a cikin kuza da kolumbait, bokonsa bai yi nisa ba, yana son mu haɗa hannu mu buɗe rami a Jihar Nasarawa. Na biyu Dakta ne, ya yi digirin digirgir a Turai kan sinadaran batir, yana son kafa masana'antar tace litiyam kusa da Abuja. Kuɗina ba zai ɗauki duka biyun ba. Wanne ya fi nauyi, gogewa ko takarda?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Bari in fara da hukuncina, dalilai su biyo baya. A Najeriyar yau, idan aka tilasta mini zaɓen wanda zai riƙe ragamar kamfanin ma'adinai, zan miƙa wa wanda ya taɓa haƙo kaya, ya loda a mota, ya sayar, ya biya leburori, ya kuma koma rami bayan damina. Amma ko kwabo ba zan saki ba sai masanin duwatsun da ni na ɗauko, ni nake biyansa, ba shi da kaso a cikin harkar, ya je da ƙafarsa ya ɗebo samfur. Abin da ya fi tsaya mini a rai a tambayarka shi ne, mutanen nan naka biyu duk suna neman kuɗinka ne don aikin da ba su taɓa yi ba. Dattijo kuza ya iya, litiyam yake son haƙa. Dakta sinadarin cikin batir ya karanta, masana'antar tace dutse yake son ginawa.

Tsakanin dutsen da ke kwance a dajin Nasarawa da batirin da ke cikin wayarka akwai sana'o'i da dama, kowace da mutanenta. Wani ne ke nemo jijiyar dutsen ya auna yawanta, wani ya haƙo, wani ya niƙa ya ware tarkace har garin ya kai kashi 5.5 ko 6 cikin ɗari a ma'aunin litiyam na kasuwa. Wani daban ne ke gasa wannan garin, ya jiƙa shi da asid, ya fitar da farin gishirin litiyam. Bayan nan ne ake zuwa ga masu haɗa garin da ake shafawa a cikin batir, sannan masu ƙera batirin. Kai da kake cikin kayan gini ka san birkilan da ya tsufa yana ɗora bulo ba shi ake ba kwangilar kafa masana'antar siminti ba, kuma farfesan da ya ƙware a sinadaran siminti ba lallai ya iya tayar da katanga miƙaƙƙiya ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka ya goge, ka tambaye shi a wane mataki. Wanda ya ce ya karanta, shi ma tambayar ke nan.

Mu fara da dattijon Bukuru, tunda nan ne gida. Kada ka kuskura ka raina shi. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suke haƙar kuza a tsaunin nan na Jos, a shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolumbait, ma'adinin da ake samu tare da kuza, a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narka kuza ta Makeri a Jos. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoban 1985, ragowar manyan kamfanonin suka durƙushe, harkar ta koma hannun 'yan loto, masu haƙa ramuka da hannu, da masu sayen kaya a buhu. Duk wanda ya ratso wannan zamani yana nan a tsaye har yau ya san abubuwan da ba a koyarwa a aji. Ya san yadda ake zama da hakimi da mai gona kafin a sa diga a ƙasa. Ya san watan da hanya take yankewa, da yadda kaya ke bin dare su fice daga rami, da yadda mai saye ke cin mutum a sikeli ko a ragin danshi, da abin da tirela ke lashewa daga daji zuwa tashar jiragen ruwa a Legas, na rasit da wanda ba na rasit ba. A ganina a waɗannan wurare ne kuɗin baƙon mai jari ya fi nutsewa, tun kafin a zo maganar kimiyya.

Sai dai akwai abin da ya kamata ka gane game da kuza: ruwa ne ke yi wa ɗan kuza rabin aikinsa. Nauyin kuza ya kusa ninki 7 na ruwa, na yashi kuwa 2.65 ne. Ka ɗebi ƙasa a kwanon sarki, ka tsuguna bakin ruwa kana jujjuyawa, yashi ya bi ruwa ya tafi, baƙin ya kwanta a gindin kwano. Gwani da ya ɗaga kwanon ya ji nauyinsa, ya murza baƙin a tafin hannu, ya riga ya san abin da ya samu. Wannan ido da wannan hannu su ne jarin dattijon naka, kuma a kan kuza ba na jayayya da shi. Dutsen litiyam mafi daraja kuwa, sifodumin, wanda 'yan kasuwarmu ke kira kunzait, nauyinsa tsakanin 3.1 da 3.2 ne. Lefidolait, wani dutsen litiyam ɗin mai launin shunayya da ƙyalli, wajen 2.8. Tazarar da ke tsakaninsu da tarkacen da suke manne da shi ƙanƙanuwa ce, kwano ba ya raba su. Sai dai injin da ke wanke su cikin ruwa mai kauri da aka dama da garin ƙarfe, ko kuma a niƙe dutsen lilis a zuba sinadari mai kumfa, ƙwayoyin litiyam su manne da kumfar su taso sama. Wannan aikin injiniyan tace ma'adinai ne.

Kwanciyar kayan ma ba ɗaya ba ce. Akasarin kuzar Jos ruwa ne ya zaizayo ta daga duwatsu ya tara a tsoffin hanyoyin kogi, shimfiɗe take cikin ƙasa da tsakuwa. Litiyam yana cikin jijiyoyin wani dutse mai tauri da ake kira fegmatait, wanda ya girmi duwatsun kuzar Jos da ɗaruruwan miliyoyin shekaru, kuma layinsa ya taso tun daga wajen Ijero a Ekiti, ya bi ta Egbe a Kogi, ya hauro Wamba da Jama'a. Jijiya takan yi kauri a nan ta sirance a can, ta nutse, ta katse ba sallama. A cikin jijiya ɗaya ma litiyam ba ko'ina yake ba, wani ɓangaren farin dutse ne zalla. Abin da aka gani a sama ba ya faɗa maka abin da ke mita 30 a ƙasa. Injin huda ƙasa ne kaɗai ke faɗa, wanda ke zaro dutsen kamar sanda a jera shi a akwati a auna.

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ake cinikin biri a sama. Za a iya kawo maka 'yar na'urar nan mai kama da bindiga, wadda masu sayen kuza da tantalait a Jos ke harba wa gari ta nuna lamba nan take. Sunanta XRF. Tana da amfani ƙwarai a kan kuza da kolumbait, amma ba ta ganin litiyam kwata-kwata, domin litiyam shi ne na 3 a jerin sinadarai, rashin nauyinsa ya sa na'urar ba ta kama shi. Duk lambar litiyam da aka nuna maka daga gare ta kirdado ne daga wasu sinadaran da suka saba tafiya tare da shi. Akwai wata ta hannu mai aiki da hasken leza, LIBS, ita tana ganinsa, amma ɗigo take ƙonawa a jikin dutse, kuma mai riƙe da ita shi ke zaɓen inda zai ɗora ta. Sahihin gwaji sai an farfasa samfur, an niƙe, an gauraya, an narkar da ɗan kaɗan a ɗakin gwaje-gwaje.

Ko takardar ɗakin gwaji ce a hannunka, ka iya karanta ta. Kasuwa tana ciniki ne da lambar Li2O, wato nauyin litiyam haɗe da oksijin. Idan takarda ta rubuta Li kawai, wato litiyam zalla, sai ka ninka da 2.153 ka samu Li2O. Idan kuma aka rubuta da lissafin kabonet, wato farin gishirin litiyam ɗin nan, to an riga an ninka Li2O da 2.473. Ma'ana dutsen da ke da kashi 2.4 na Li2O za a iya rubuta masa kusan kashi 6 a takarda ba tare da an yi ƙarya a zahiri ba, kai kuma ka ɗauka kayan fita waje ne. Wasu kuma su rubuto maka 5,000 ppm, wato 5,000 cikin miliyan, don lambar ta cika ido, alhali rabin kashi ɗaya ne na Li, wato ɗan sama da kashi 1 na Li2O. Sifodumin tsantsa, wanda babu komai a jikinsa, kashi 8 yake tsayawa. Duk wanda ya ce maka kunzait ɗinsa ya ba da 10, ka san ko dai ba kunzait ba ne ko kuma an murɗa lissafin.

Sannan wane dutse aka kai gwaji? Je ka bakin rami ka tsaya. Za ka ga mata da samari zaune da guduma suna fasa dutse, suna tsinto dogayen sillayen kunzait masu tsagewa kamar itace suna jefawa gefe guda, ragowar tarin kuma a bar shi nan. Wanda aka tsinta da hannu zai iya ba da kashi 5 ko 6, shi ake ɗaukowa a leda a kawo maka ofis. Amma manyan ma'adinan duniya da ake ji da su, matsakaicin dutsensu tsakanin kashi 1 da 1.5 yake. Greenbushes ta Ostireliya, wadda ake kallo a matsayin zakaran gwajin dafi, wajen kashi 2 take. Yi lissafi da ni: a ce dutsenka kashi 1.2 ne, injin kuma yana kamo kashi 70 cikin ɗari na abin da ke ciki. Kana bukatar tan 7 da 'yan kai kafin ka samu tan ɗaya na gari mai kashi 6. Wannan garin kuma sai an haɗa wajen tan 8 kafin a samu tan ɗaya na gishirin batir. Kusan tan 57 na dutse ke nan. Tsintar hannu tana ciyar da ƙaramar harka na ɗan lokaci, idan na sama ya ƙare sai rami ya yi zurfi, ruwa ya taru, sai nakiya da injin jan ruwa da dizal. Idan dattijon bai kawo wannan maganar da kansa ba, kai ka kawo, ka saurari amsarsa.

Yanzu Dakta. Shi ma yana da abin girmamawa, domin batirin nan gaba ɗayansa ɗan ɗakin bincike ne. Stanley Whittingham ya fara a shekarun 1970, John Goodenough ya gano sinadarin kobal da litiyam a Oxford a 1980, Akira Yoshino ya haɗa wanda za a iya amfani da shi lafiya, Sony ya fitar kasuwa a 1991, su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2019. Amma duba tazarar shekarun, kuma ka lura ba su ne suka kafa masana'antun da suka kwashi kuɗin ba. Kamfanin batir na A123 a Amurka daga binciken jami'ar MIT ya fito a 2001, iliminsa sahihi ne, gwamnatin Amurka ta ba shi tallafin dala miliyan 249. A 2012 aka gano injin walda guda ɗaya a masana'antarsa ta Michigan ba a saita shi daidai ba, batura suka fito da aibi, aka janye su daga kasuwa, a watan Oktoban shekarar kamfanin ya shiga fatarar kuɗi, daga baya wani kamfanin Sin ya saye shi. Kimiyyar ba ta gaza ba. Irin batirin da suka yi, LFP, mai haɗin litiyam da ƙarfe da fosfet, shi ne ya cika motocin lantarki na Sin a yau.

Abin da Dakta yake son ginawa kuwa yana cikin mafi wuyar matakan. Sai an gasa garin sifodumin a tanderu mai zafin kusan digiri 1,050 don ƙwayarsa ta buɗe, a sake gasa shi da asid mai ƙarfi irin na ruwan batir, a jiƙa, a tace, a cire ƙarfe da sauran datti ɗaya bayan ɗaya, har a kai tsaftar kashi 99.5. Wannan yana son wutar da ba ta ƙiftawa, da gas, da ruwa mai yawa, da asid tanka-tanka, da wurin zubar da dusa, domin kusan duk abin da ya shiga tanderun tarkace zai fito. Bayan an gama, mai ƙera batir ba ya saye sai ya shafe watanni yana gwada kayanka. A Kwinana ta Ostireliya, ƙasar da ta fi kowa haƙar litiyam, an fara gina irin wannan masana'anta a 2016, ba ta fitar da kayan da suka kai matsayin batir ba sai 2022, kuma bayan nan ma ta ci gaba da fama. A Kanada, kamfanin Nemaska ya wayi gari a 2019 yana neman ƙarin dalar Kanada miliyan 375 a kan kasafinsa, kafin ƙarshen shekarar ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. Waɗannan ƙasashe ne masu wuta da ƙwararru. Shi ya sa har yanzu fiye da rabin litiyam ɗin duniya a Sin ake tace shi. Masana'antar Avatar da aka buɗe a Jihar Nasarawa a watan Mayun 2024, wadda aka ce tana cin tan 4,000 na dutse a rana, irin aikinta niƙa da warewa ne, matakin da ke zuwa kafin wanda Dakta yake magana a kai. To ka tambaye shi wanne yake nufi idan ya ce tacewa. Idan niƙa da warewa ne, ba fanninsa ba ne. Idan gishirin batir ne, ba kuɗin mutum ɗaya ba ne, kuma ka tambaye shi wa zai riƙa kawo masa gari mai inganci iri ɗaya kullum har shekara 15 ko 20.

Kada ka ɗauka daga nan cewa gogewa ce ke cin nasara kullum. Kamfanin batir na Northvolt a Suwidin, tsoffin manyan jami'an kamfanin motocin lantarki na Tesla ne suka kafa shi, sun tara fiye da dala biliyan 10, amma suka kasa fitar da batura masu kyau da yawan da suka yi alkawari. BMW ya soke kwangilar yuro biliyan 2 a watan Yunin 2024, a watan Maris na 2025 kamfanin ya karye. Sun goge a saye da jigilar kayan mota, ba a tafiyar da masana'antar batir ba. Gogewa kuma takan rufe wa mutum ido. Manyan kamfanonin Yamma sun ƙona kuɗi a wata dabarar tace nikel da asid cikin matsi, babban kamfanin ma'adinai na BHP ya rufe masana'antarsa ta Ravensthorpe a Ostireliya a 2009, har kowa ya yarda dabarar ba ta biyan kuɗinta. Kamfanonin Sin suka je Indunusiya suka sa ta yi aiki daga 2021, nikel ya cika kasuwa, a 2024 BHP ya dakatar da ma'adinan nikel ɗinsa na Yammacin Ostireliya. Haka waɗanda suka rungumi kobal a 2018 yana sama da dala 90,000 kan tan, shekara na zagayowa ya faɗo wajen 30,000. A irin wannan wuri Dakta ya fi dattijo hangen nesa, domin shi ne zai gaya maka batirin LFP ba ya cin kobal ko nikel, kuma ana ta aikin batirin sodiyam wanda ba ya bukatar litiyam ma. Mutanen da suka mamaye harkar nan, in ka duba, takarda da gogewa suka haɗa a kai ɗaya. Wang Chuanfu na BYD, kamfanin batir da motoci na Sin, masanin sinadarai ne kafin ya kafa kamfani a 1995. Robin Zeng yana da digirin digirgir a fizis, kuma ya shafe shekaru yana ƙera baturan waya kafin ya kafa kamfanin batir na CATL a Sin a 2011.

Masu harkar ma'adinai na duniya sun daɗe da yanke wannan gardama, kuma asara ce ta koya musu. A 1997 aka bankaɗo kamfanin Bre-X na Kanada, wanda ya ce ya gano zinariya mafi yawa a duniya a Busang ta Indunusiya, darajarsa ta kai dalar Kanada biliyan 6. Ashe garin zinariya ake barbaɗawa a samfur kafin a kai gwaji. Masana duwatsu ne a wurin, masu takardu da gogewa duka. Abin da ya tona asirin shi ne wani kamfani da zai shiga haɗin gwiwar ya huda nasa ramukan kusa da nasu, bai ga abin kirki ba. Bayan nan Kanada ta kafa dokar NI 43-101, Ostireliya kuma tana da ƙa'idar JORC. A ƙarƙashin JORC ba kowa ke sa hannu a rahoton yawan ma'adini ba. Dole ya zama ɗan ƙungiyar ƙwararru da ke iya hukunta shi, kuma ya yi aƙalla shekara 5 a kan irin wannan kwanciyar ma'adinin da irin aikin da yake sa wa hannu. In ka ɗora mutanenka biyu a wannan sikeli, babu wanda zai haye. A gida kuma, duk masanin da za ka ɗauka ka tabbatar yana da rajista da COMEG, majalisar da ke kula da injiniyoyin ma'adinai da masana duwatsu, ka kuma tambaye shi fegmatait nawa ya taɓa hudawa.

Takarda tana da sauƙin bincike, gogewa ce ke da wuya, domin kowa a bakinsa ya goge. Wajen Dakta, nemi sunan kundin digirinsa ka ba wani malamin jami'a ya duba maka a kan me aka yi shi, sannan ka tambaye shi mafi girman nauyin da ya taɓa sarrafawa da hannunsa. Idan amsar giram ce ko kilo, ka san nisan da ke tsakaninsa da tan. Wajen dattijo, ka ce ya kai ka ramukan da ya yi aiki a baya, ka gaisa da mai garin, ka ji ko ya bar bashi ko gawa ko kududdufi a gonar mutane. Ka nemi ganin takardun kayan da ya sayar, ka yi magana da wanda ya taɓa sa masa kuɗi. Akwai kuma tambaya ɗaya da nake son yi wa kowa: da wane farashi ka yi lissafinka? A watan Nuwamban 2022 tan ɗaya na gishirin litiyam ya kusa yuwan 600,000 a Sin, farkon 2024 ya sauka ƙasa da 100,000. Garin sifodumin da ya haura dala 6,000 ya koma ƙasa da 1,000, ma'adinai irin su Finniss a Ostireliya suka tsayar da haƙa. Ka sa kowannensu ya raba farashinsa biyu ya sake lissafi a gabanka. Ina kyautata zaton dattijon zai fi jure wannan tambayar, shi da ya ga 1985.

Sai maganar lasisi, wadda ke kusa da kai a Abuja. Ka je Ofishin Kadasta na Ma'adinai da lambar lasisin, ka tabbatar yana raye, sunan wa ke kai, kuma ramin da aka nuna maka yana cikin iyakarsa, don ana nuna rami a nan lasisi yana can. Dokar ma'adinai ta 2007 ta bambanta su. Lasisin bincike na shekara 3 ne, ana sabunta shi sau biyu, shekara 2 kowane, kuma ba izinin haƙa don kasuwanci ba ne. Na ƙananan masu haƙa shekara 5 ne, babban kuma 25. Saye da ajiye ma'adini yana da nasa lasisin, fitarwa waje ma haka. Dokar ta kuma wajabta yarjejeniya da al'ummar wurin kafin a fara aiki. Ba wasa ake yi ba yanzu: a watan Nuwamban 2023 ma'aikatar ma'adinai ƙarƙashin Minista Dele Alake ta soke lasisi 1,633 saboda rashin biyan kuɗin shekara, a watan Fabrairun 2025 kuma gwamnan Filato ya dakatar da haƙar ma'adinai a faɗin jihar da umarni ɗaya. Ajiyar nakiya ma da izininta, ka tuna fashewar Bodija a Ibadan a watan Janairun 2024.

Da ni ne kai, zan karkata ga ramin, amma kuɗin ba zai fita a dunƙule ba. Kason farko ƙarami ne, na binciken lasisi da tura masaninka ya zana taswirar jijiyar, ya yanka ramuka a kan faɗinta, ya ɗebi samfur daga bango zuwa bango har da ɓangaren da ba ya burge ido. Shi zai ɗaure buhunan, ya sa musu lambobin da shi kaɗai ya san ma'anarsu, ya cusa buhun farin dutse marar komai a tsakani, ya raba wasu gida biyu da lamba daban, don a gwada ɗakin gwajin shi ma. Akwai ɗakin gwajin Hukumar Binciken Ƙasa a Kaduna, akwai Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa a nan Jos, sannan a tura wasu zuwa ɗakin gwaji na waje da masu saye suka amince da shi. A auna har da yawan ƙarfen da ke ciki, don mai saye yana rage farashi a kansa. Idan wannan ya yi kyau, kaso na biyu na huda ƙasa ne. Na uku a loda tirela guda ko biyu na dutsen yadda ya fito, ba tsintacce ba, a kai masana'antar niƙa a ga nawa ya bayar, a sayar, kuɗin ya shigo asusu. Sai bayan nan ake maganar sayen katafila.

Shi kuma Dakta ban ce ka sallame shi ba. Ka ɗauke shi mai ba da shawara, ka biya shi, ya karanta maka takardun gwaji da sharuɗɗan masu saye, ya riƙa gaya maka inda kasuwar batir ta dosa. Idan har yana kan bakansa na masana'anta, ya fara da 'yar ƙarama ta gwaji, ya fitar da gishirin daga dutsen Nasarawa sau da yawa a jere da tsafta iri ɗaya, ya kawo takardar wani mai ƙera batir da ya gwada ya gamsu, ya kuma nuna maka injiniyan da ya taɓa tafiyar da tanderu da zai tsaya masa. Ni a son raina ma da ɗakin gwaji amintacce ya buɗe tsakanin Abuja da Keffi, domin ilimin sinadaransa nan zai yi aiki kai tsaye, kuma masu rami da masu saye duk suna bukata.

In kun daidaita da dattijon, lasisin ya koma sunan kamfanin da kuka haɗa, a yi rajistar canjin a Kadasta, kada ya zauna da sunansa ko na ɗansa. Shi ya riƙe rami da leburori da hulɗa da gari. Akawu da mai sikeli naka ne, cak kuma ba ya fita sai da hannu biyu. A rubuta a yarjejeniya cewa masaninka yana da ikon shiga rami ya ɗebi samfur duk ranar da ya ga dama ba tare da sanarwa ba, kuma duk motar da za ta bar wurin sai an ajiye buhun samfurinta a rufe har mai saye ya biya.